Kada ka jira sai an ce "na sallama"

Wanda ke son sayen gidan haya a Maraɗi alhali kuɗinsa ba su cika ba, abin da na fi ja masa kunne a kai shi ne lokacin da zai roƙi a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan. Ranar da dillali ya fara kai ka ba ranar wannan magana ba ce. Mai gida bai san ka ba, zai ɗauka ko dala babu a aljihunka. Ka zagaya gidan, ka ga takardu, ka ji nawa ƴan haya ke biya, sannan ka nemi sanin abin da ya sa ake sayarwa.

Magada masu jiran rabo, da wanda kuɗin kujerar Hajji suka matsa, da mai aurar da ɗiya, kuɗi hannu suke so. Kada ka wahalar da su, ni ina ganin rashin tausayi ne ma. Amma dattijon da ya koma Yamai, ya gaji da bin kuɗin haya a unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo, zai saurare ka. Haka gidan da ya daɗe a hannun dillalai. Sa'ad da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya ta Ɗan Isa a 2023 har zuwa Maris 2024, kuɗi sun yi wuya a garin nan, kuma da idona na ga masu gidajen da a da ba su jin zancen ajali sun sassauto.

Lokacin roƙon shi ne tsakiyar ciniki, ka taya, ya ce albarka, ba a tsaya ba tukuna. Nan za ka ce: "Alhaji, in na ba da rabi yanzu, ka ɗaga mini saura zuwa kaka biyu, nawa za ka bar mini?" Farashin ajali yakan ɗara na hannu, kuma malamanmu sun halatta hakan muddin an tsayar da kuɗi ɗaya da wa'adi sananne kafin a tashi, ba ƙari in an yi jinkiri. In kuwa ka bari ya sallama a gaban shaidu sannan ka kawo zancen, ka saɓa magana, kuma dillalai ba su mantuwa.

Ku rubuta, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umurta. A sa ranakun biya, a sa wanda zai riƙe takardar gida har a gama, da watan da kuɗin haya za su fara shigowa hannunka.