Abin da aiki a masaukin kan tsaunukan Alps na Turai yake koyarwa

Ƙanƙara ta kewaye masaukin ta ko'ina, amma ruwa shi ne abin da ya fi wuyar samu. Narkar da dusar ƙanƙara a kan murhu asarar makamashi ne, domin bokiti goma na sabuwar dusa da ƙyar yake ba da bokiti ɗaya na ruwa. Shi ya sa masaukin Monte Rosa a Suwizalan, da ke tsayin mita 2,883, wanda aka buɗe a 2009, yake tara ruwan da ya narke lokacin zafi a wani rumbu cikin dutse. Duk bututun da ba za a yi amfani da shi da hunturu ba, a tsiyaye shi kafin sanyi ya kama. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, bututun ya tsage, kuma ba za a gane ba sai ranar da ya narke ya jiƙe bango.

Gas ma sai an zaɓa. Butan yana daina fita daga tukunya da zarar sanyi ya kai digiri 0, furofan kuwa yana aiki har kusan digiri 40 ƙasa da sifili. A tsayin mita 3,000 ruwa yana tafasa a wajen digiri 90, don haka wake da shinkafa suna daɗewa ba su nuna ba, sai da tukunya mai riƙe tururi.

Masu zamiya a kan ƙanƙara suna buƙatar ɗakin shanya takalma. Masu keken lantarki kuwa wutar caji suke nema, kuma nan ake yawan kuskure: batirin da ya yi sanyi ƙasa da digiri 0 kada a jona shi, domin in an jona yakan lalace. A shigar da shi ɗaki ya ɗumama tukuna, a kuma yi cajin da rana lokacin da sola ke ba da wuta.

Bayan kowace guguwa, a hau a duba bakin bututun hayaƙi. In dusar ƙanƙara ta toshe shi, iskar guba marar wari takan taru a ɗakin kwana, tana kuma kisa.

Kada baƙo ya fita da asuba bai rubuta inda ya nufa a littafin masauki ba. In dare ya yi bai isa ba, da wannan rubutun masu ceto za su san kwarin da za su fara dubawa.