Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Allurar Inna

Makon jiya na tsaya a ranar da muka ɗauko Inna daga Mai Wurno zuwa gidan Kawu a Wad Madani, a ƙasar Sudan, aka fara mata wankin ƙoda, sau biyu a mako, awa huɗu kowane zama.

Kumburin ƙafa ya sauka, amma ƙarfi bai dawo ba. Matar da ke toya kisra, gurasar nan ta Sudan, ta gida guda kafin hantsi, ta koma sai ta huta a tsakiyar alwala. Wata safiya na ja fatar idonta ƙasa, na ga cikin fari fat. Gwaji ya nuna yawan jininta 7 ne, ya yi ƙasa ƙwarai.

Nan kowa ya kawo nasa maganin. Gwaggo ta ce hanta, maƙwabciya ta ce dabino da karkade, wato zoɓo. Ni kuwa kullum ina bakin gawayi ina gashin hanta, Inna tana ci don kada raina ya ɓaci.

Wata ma'aikaciyar jinya, Bahaushiya 'yar Gadarif, ita ta gan ni da ƙullin dabino ta ja ni gefe. Ta ce, "Ƙanwata, mayar da wannan. Fotasiyom ɗin da ke cikinsa ƙodarta ba ta iya fitarwa, zai taɓa mata zuciya." Na ce, "Yaya, to jinin fa?" Sai ta zaunar da ni. Ashe a ɓargo ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kowace ta yi kwana kamar 120 ta mutu, a sake wata. Amma ɓargo ba ya tashi aiki sai an aiko shi, kuma mai aiken ƙoda ce. In ta ji iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ta saki wani sinadari, iritirofoyetin, ya je ya ta da ɓargo. Jariri a ciki hanta ce ke yi masa wannan, bayan haihuwa ƙoda ta karɓi kusan duka. Ƙodar Inna ta gaji, aike ya yanke, kuma injin wanki datti da ruwa kawai yake cirewa.

Har yau in na tuna hantar nan sai ƙwalla ta zo mini.

Aka rubuta allurar Eprex, mai ɗauke da sinadarin nan iritirofoyetin, a ƙarƙashin fata, tare da sinadarin ƙarfe ta jijiya, don ba a gini babu kayan aiki. Likita ya ƙi yawan ƙarin jini, saboda babban yayanmu ya yi niyyar ba ta ƙodarsa, jinin mutane daban-daban kuwa yakan sa jiki ya ƙi dashe. Ya ce kafin 1989, lokacin da Amurka ta amince da irin wannan allura, masu wanki ƙarin jini ne gatansu. Ya kuma ja kunnena: ba ta gyara ƙoda, tana iya jawo hawan jini, kuma in aka tura yawan jinin ya wuce 13 akwai haɗarin daskarewarsa da shanyewar ɓarin jiki. A 10 zuwa 11 yake so ya tsaya.

Wahalarta sanyi. Digiri 2 zuwa 8 take so, ba a girgiza ta, ba a bari ta daskare, ga zafin Jazira, jihar da Wad Madani take, ga ɗauke wuta. Sai na naɗe ta a tsumma, na sa a fulas da ƙanƙara, na ajiye gindin randa, ina tashi cikin dare ina dubawa.

A mako na shida Inna ta yi sallar Magariba a tsaye. Tana sallamewa ta ce, "'Yar nan, ina kaskon kisra?"

Saura allura uku a fulas ranar Asabar, 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, Kawu ya shigo da rediyo a hannu ya ce ana harbi a Kartum.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.