Abin da tafkin Tizon ya sa na gane

Kafin in shiga jami'a a Ngaundere da ke Kamaru ni a tunanina dutse mai aman wuta abin telebijin ne kawai, can Italiya ko Indunusiya, wuta na tashi sama mutane na gudu. Sai a shekara ta biyu malaminmu ya kwashe mu zuwa tafkin Tizon, nan kusa da gari, wurin da muke zuwa shan iska ran Lahadi, ya ce ku dubi yadda ya yi zagaye kamar bakin ƙwarya, to bakin aman wuta ne ruwa ya cika shi. Wallahi jikina ya yi sanyi, ashe a kan abin muke zaune tun tuni.

Daga nan na fara gane cewa duwatsu masu aman wuta ba iri ɗaya ba ne. Wani narkakken dutsen ruwa-ruwa ne kamar kunu, ya malala ya yi faɗi, irin Emi Kusi da ke Tibesti a Chadi mai tsayin mita 3,415, duk Sahara babu wanda ya kai shi. Wani kuma kauri gare shi kamar tuwo, sai ya daskare a maƙogwaron dutsen, ruwan sama da iska su cinye na gefe su bar shi tsaye ƙiƙam, su ne tsinukan nan na Rumsiki da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto. Dutsen Kamaru na Buya ma yana nan da ransa, a 1999 sai da abin ya gangaro ya datse hanyar bakin teku a Bakingili.

Amma wanda ya hana ni barci shi ne tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru, shi ma bakin aman wuta ne da ruwa ya cika. Daren 21 ga Agusta 1986, babu wuta babu toka, iskar kabon ce da ta daɗe tana taruwa a ƙasan tafkin ta ɓalle lokaci guda kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe, kuma da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sai ta bi kwari tana gangarawa, mutum sama da 1,700 suka rasu, da yawa a kan shimfiɗarsu, shanu wajen 3,500 suka zube. Shekara biyu kafin nan tafkin Monun ya ci mutum 37 ta wannan hanyar. Da na ba Baffa labari, shi da ya yi rayuwarsa a kiwo, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce yaro, garke guda a dare ɗaya? Allah ya jiƙan su.

Ni dai tun ranar na daina karatun nan don cin jarrabawa kawai. A da hadda nake yi in juye a takarda in manta, yanzu ko sunan ƙauye na gani a taswira sai na duba a kwari yake ko a tudu, don a Nyos waɗanda ke kan tudu sun fi tsira. An dai kafa bututu a tafkin a 2001 yana fitar da iskar a hankali, aka ƙara biyu a 2011. Burina in je in gan shi da idona kafin in rubuta aikin kammala karatu, na ma fara tara kuɗin mota.