Darussan da na koya a cinikin kayan sauti na hannu ta intanet

Sana'ata ita ce bayar da hayar kayan sauti a wuraren ɗaurin aure, walima, maulidi da wa'azi, kuma ina da ɗan ƙaramin situdiyo a unguwar Mabera inda matasa suke zuwa ɗaukar murya. Duk wanda yake cikin wannan harka a Sakkwato ya san cewa sabon kaya ya fi ƙarfin yawancinmu, musamman tun da darajar naira ta faɗi a shekarar 2023, don haka kusan duk lasifika, mikisa (na'urar da ke haɗa muryoyin makirufo da kayan kiɗa wuri guda) da piyanon da muke aiki da su na hannu ne. A da sai mutum ya yi tattaki zuwa Kano, ko ya bi doguwar hanyar nan ta kimanin kilomita 1,000 zuwa kasuwar Alaba a Legas, amma yanzu tallar kaya tana iske mutum a cikin wayarsa ta shafuka irin su Jiji da Facebook da zaurukan WhatsApp. Sauƙin gaskiya ne, kuma na amfana da shi ƙwarai, sai dai na biya kuɗin makaranta kafin in gane yadda ake tafiyar da shi.

A shekarar 2021 na ga tallar wani piyano ƙirar Yamaha PSR a wani shafi, a kan farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Mai tallar ya ce yana Kaduna, tafiya ce ta kama shi, kuma akwai mutum biyu da suke jiran amsarsa. Ya roƙi in tura naira 80,000 a matsayin kafin alƙalami, in cika sauran idan direba ya iso tasha da kaya. Na tura, kuma daga wannan daren lambarsa ba ta sake shiga ba. Da na kai wa maigidana labari, dattijon da na koyi gyaran amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a hannunsa, sai ya ce, "Ɗana, mi yak kai ka cinikin biri a sama?" Daga baya na gano hotunan nan a wata talla ta wata ƙasa dabam, wato piyanon bai taɓa shiga hannun mutumin ba. Abin da ya cuce ni shi ne araha da gaggawa, kuma tun daga lokacin duk tallar da ta haɗa waɗannan abubuwa biyu nakan ja da baya.

Yanzu kafin in yi maganar kuɗi, nakan nemi mai kaya ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda, ya ɗora a kan kayan kusa da lambar da kamfani ya buga a jikinsu, ya ɗauki hoto. Sannan mu yi kiran bidiyo ya kunna a gabana. Mai kayan gaske ba ya jin nauyin wannan, domin shi ma yana son ciniki ya faɗa. Nakan kuma duba ko sunan da ke kan asusun banki ya yi daidai da sunan wanda nake magana da shi. Idan kayan suna wani gari, ina da abokan sana'a a Kano, Kaduna da Legas waɗanda nake biya la'ada su je su gani da idonsu, kamar yadda nake yi musu idan kayan suna Sakkwato ko Birnin Kebbi. La'adar ba ta taɓa kai ko kusa da asarar da na yi ba.

Sai dai ɗan damfara ba shi ne babbar matsala ba, domin da zarar ka san salonsa ka tsira. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne aibin da ke ɓoye cikin kayan da suke na gaske, a hannun mutumin da wataƙila shi kansa bai san da shi ba. Kayan sauti ba a sayensu da ido kaɗai, sai da kunne da haƙuri. Amfilifaya na iya yin aiki lafiya lau na minti biyar, amma da ya ɗauki zafi sai ya yanke sauti don kare kansa, kuma a garin da zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40, irin wannan kaya zai kunyata ka a tsakiyar taron mutane. Saboda haka nakan jona masa lasifika, in ƙara murya, in bar shi aƙalla rabin sa'a ina sauraro, ina kuma duba ko fankarsa tana juyawa. Ita kuma lasifika, nakan danna takardarta a hankali da yatsuna, idan na ji tana gogar wani abu a ciki, to wayar da ke naɗe a zuciyarta ta taɓa ƙonewa, sau da yawa ma hanci yana jin ƙaurin. Idan na auna ta da mitar masu gyaran lantarki, lasifikar da aka rubuta mata om 8, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, takan nuna wajen 6, kuma wannan daidai ne, amma idan mita ba ta nuna komai ba, to wayar ta tsinke.

Mikisa kuwa ƙurar hunturu ce abokiyar gabarta. Dole a gwada kowace kafa, wato wurin jona makirufo, ɗaya bayan ɗaya, a murɗa kowane maɓalli ana sauraron ƙarar ƙasa-ƙasa, a kuma tabbatar wutar bolt 48 da makirufon situdiyo yake buƙata tana fitowa. Piyano mai maɓallai 61 yana nufin gwaji 61, kowanne a taɓa shi a hankali sannan da ƙarfi, domin robar da ke ƙarƙashinsu takan cinye, sai ka ji wani ya yi shiru ko ya yi tsawa fiye da 'yan uwansa. Akwai kuma abin da mutane da yawa suke mantawa, wato rubutun da ke bayan na'ura kusa da wurin jona wuta. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce, alhali kayan da aka ƙera don Amurka na 120 ne, kuma na ga yadda wani abokin aikina ya rasa mikisa mai tsada a daƙiƙar farko da ya jona ta.

Jabu ma ya cika kasuwa. Makirufon Shure SM58, wanda aka fara ƙerawa tun 1966, yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, har kwali da jakarsa. Na ainihi nauyinsa wajen gram 300 ne, don haka nakan riƙe nawa na asali a hannu ɗaya, wanda ake talla a ɗaya hannun, sannan in yi magana a cikinsu bi da bi ta lasifika guda.

Akwai wani al'amari da yake damuna fiye da asarar kuɗi, shi ne kayan sata. Ana yawan sace amfilifaya da lasifikar masallatai da makarantun Islamiyya, musamman ƙirar Ahuja da TOA, kuma wasu daga cikinsu suna ƙarewa ne a tallar intanet da farashi mai jan hankali. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, balle a wajen Allah, kuma ba na jin akwai wanda zai so ya yi wa'azi da na'urar da aka ɓalle daga masallaci. Shi ya sa nake tambayar rasidi, idan babu, in nemi a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar kayan, da sa hannun mai sayarwa da shaidu biyu. Sau biyu na ga mai kaya ya tashi ya tafi da jin wannan sharaɗi.

Ranar da na koma mai sayarwa, sai na ga haɗarin ta ɗaya fuskar. Wani matashi ya zo da adaidaita sahu da yammacin Juma'a, ya nuna mini saƙon banki a wayarsa, nima saƙo ya shigo tawa, yana ta cewa, "Yallaɓai, ai ka ga alat, a ɗora mini kaya mana." Na buɗe manhajar bankina na ga ko kwabo bai ƙaru ba. Ya ce matsalar sabis ce, na ce to mu jira sabis ɗin tare, kuma bai jira ba. Tun daga nan ba na sakin kaya sai na ga kuɗi a cikin asusuna, ba na haɗuwa da baƙo a gidana sai a shago da rana, kuma ba na karanta wa kowa lambobin sirrin da ake turowa ta waya ko da ya ce don tabbatar da biya ne. Idan kaya za su bi mota, nakan kai su tasha da kaina, in ɗauki hotonsu a naɗe, in rubuta lambar mota da ta direba a gaban 'yan ƙungiya.

Abin da ya fi yi mini nauyi a matsayin mai sayarwa shi ne faɗin aibi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma allon waya bai sauke wa kowa wannan nauyi ba. Bara na saka tallar wata mikisa mai kafa 16, na rubuta a fili cewa kafa ta 7 ta mutu, ta 12 kuma tana ƙara idan an murɗa ta. Masu tambaya sun ragu, farashin ma ya sauka, har ta yi mako uku ba a taya ba. Daga bisani wani malami mai makarantar Islamiyya ya taso daga Illela, ya zauna a shagona ya gwada kafafun ɗaya bayan ɗaya, ya iske kamar yadda na rubuta. Ya ce makirufo huɗu kawai yake buƙata don saukar ɗalibansa, muka rubuta takarda, maƙwabtana biyu suka sa hannu, na sallama masa. Bayan wata biyu ya kira ni yana neman lasifika biyu, ya ce in zaɓa masa da kaina in ba direba.