Dokin Berlin da Mai Yi Masa Tambaya

Duk lokacin da na zauna duba tsarin wani gwaji a fannin nazarin halayyar ɗan'adam, labarin wani doki ne yake fara faɗo mini a rai. Sunansa Hans, ubangidansa kuma Wilhelm von Osten, tsohon malamin lissafi a birnin Berlin na ƙasar Jamus. Idan aka ce da dokin uku a tara da huɗu, sai ya buga ƙasa da kofato sau bakwai ya tsaya. A shekarar 1904 kwamiti mai mutum 13 ƙarƙashin jagorancin masanin halayyar ɗan'adam Carl Stumpf ya bincika, ya ce babu ha'inci a ciki. Gaskiya suka faɗa, domin von Osten ba macuci ba ne, sai dai a ganina ba wurin da ya kamata suka duba ba.

Oskar Pfungst, mataimakin Stumpf da ya sake gwada dokin, wanda ya wallafa bincikensa a 1907, abu ɗaya yake sauyawa a kowane zagaye, ya bar sauran yadda suke. Da farko ya kawo baƙi su yi tambayar, dokin ya ci gaba da dacewa, ke nan ba wani haɗin baki ba ne da ubangidansa. Daga nan ya sa wani ya raɗa wa dokin lamba a kunne, wani dabam ya raɗa masa wata, aka ce ya haɗa su, alhali babu wanda ya san jimillar. A nan asiri ya tonu. Idan mai tambaya ya san amsa, dokin yana dacewa kusan kullum, idan kuwa bai sani ba, da ƙyar yake dacewa. Haka ma da aka kare masa idanu ya daina ganin mai tambayar, lissafin ya watse.

Ashe mutum yakan ɗan sunkuyar da kai yana kallon kofaton, da bugun ya kai adadin da yake jira sai ya ɗago kaɗan ba tare da ya sani ba, dokin kuma ya tsaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Pfungst kansa, bayan ya gano alamar, ya kasa hana jikinsa bayar da ita.

A 1963 masu bincike Robert Rosenthal da Kermit Fode suka raba wa ɗalibai ɓeraye iri ɗaya don su gwada basirarsu, suka ce da wasu nasu masu kaifin basira ne, wasu kuma nasu daƙiƙai ne, sai ga sakamako ya bi abin da aka faɗa musu. Irin wannan ne ya sa ake ɓoye wa mai gudanar da gwaji rukunin da kowa yake ciki, ake kuma rubuta masa umarnin da zai karanta kalma da kalma.

Von Osten dai bai yarda da binciken ba, ya ci gaba da nuna dokinsa ga jama'a, ya rasu a 1909.