Godiya bayan dawowata daga ƙasar Sin

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, Allah Ya dawo da ni gida lafiya daga baje-kolin Canton da ke birnin Guangzhou. Ga gajiyar hanya, ga masu zuwa sannu da zuwa, ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na ce bari in yi godiyata a nan.

Na fara da maigidana Alhaji, wanda ya ɗauke ni tun ina yaron shago a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, yau kuma ya damƙa mini kuɗinsa ya ce in je in wakilce shi. Alhaji, Allah Ya ƙara girma, Ya jiƙan mahaifa. Hajiyarmu kuma da ta hana kanta barci tana addu'a saboda an ce mata mutanen can ba abin da ba sa ci, Hajiya, ɗanki bai yi yunwa ba. Kusan kowace unguwa akwai shagon taliyar naman shanu na Musulmin ƙabilar Hui, ga farar hula a kansu, a gabanka za a ja taliyar da hannu a jefa a tukunya. A Xiaobei kuwa, inda 'yan Afirka suke taruwa, har Hausa na ji ana yi a bakin titi.

Godiya ta musamman ga ƙanina ɗalibin da ke karatu a can. Ba don shi ba da na sha wuya, domin garin ya kusa daina taɓa takardar kuɗi. Mai sayar da ayaba a gefen hanya ma lambar WeChat ko Alipay, manhajojin biyan kuɗi ta waya, za ta nuna maka. Shi ya saita mini waya, shi ya kai ni masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, shi ya saya mana tikitin jirgin ƙasa zuwa Shenzhen. Tafiyar kamar rabin awa ce, allon cikin taragu yana nuna gudun kusan kilomita 300 a awa, shayina kuma ko motsi bai yi ba.

Shenzhen ta ɗaure mini kai. Sai a 1980 aka ware ta a matsayin yankin tattalin arziki na musamman, yau mutanenta sun haura miliyan 17. Motocin bas ɗinta, sama da 16,000, duk sun koma lantarki tun ƙarshen 2017. Ka tsaya a babban titi, motoci na wucewa, amma kana jin maganar na kusa da kai. Ni da na je da tunanin hayaƙi da kekuna sai na yi tsit.

Sai batun kaya, wanda shi ya kai ni. A gida da an ce abu ɗan Caina ne sai a taɓe baki. A kasuwar Huaqiangbei da ke Shenzhen wata mai shago ta jera mini caja uku, kamanninsu ɗaya sak, ta ɗora kowace a sikeli, nauyi ya bambanta, farashi ma haka. Ta tambaye ni wacce nake so, ta ce galibin masu zuwa daga wajenmu mafi arahar suke ɗauka. Iya kuɗinka iya shagalinka. Rabin laifin cajar da ke ƙona wayoyin mutane a Kano namu ne, mu 'yan kasuwa. Na gode mata da ba ta rufe ni ba.

Ba kuma aljanna na je ba. Kyamara ko'ina, jakarka sai ta bi na'ura kafin ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, tikitin jirgi sai da fasfo, akwai otal ɗin da ya ce ba ya karɓar baƙi 'yan waje. 'Yan'uwanmu na can ba su manta da yadda aka fitar da wasunsu daga gidajen haya a watan Afrilun 2020, lokacin korona, ba. Kyan titunan Guangzhou kuma ba amsa ba ne ga zargin da ake yi na takura wa Musulmin ƙabilar Uighur a Xinjiang, wancan wani yanki ne can nesa.

Waɗanda suka turo saƙo suka ji ni shiru, ku yi haƙuri, WhatsApp da Facebook a toshe suke a can, ba wulaƙanci ba ne. Abokan kasuwa da suka riƙe mini shago, da uwargida da ta riƙe gida, Allah Ya saka da alheri. Masu saƙon kaya, kwantena tana kan ruwa, da ta iso Legas zan kira kowa.