Alhamdulillah, Malam yana numfashi da kansa

Alhamdulillah. Jiya da hantsi aka fito da Baban yara daga sashen kulawa ta musamman, bayan kwana 41, babu injin numfashi. Ciwon Guillain-Barré ne ya kwantar da shi, mai shanye jiki: ya faro daga ƙafafu ya yi ta hawa har ƙirji. Ni dai bashin barci ya yi mini yawa, in na tsallake wani a wannan godiyar a yi mini afuwa.

Ciwon nan na Guillain-Barré jijiyoyi yake kamawa, ba ya taɓa hankali. Mutum na kwance ko yatsa ba ya ɗagawa, amma yana ji, yana gani, zafi na cin sa. Mu kuwa a kansa muke tsayawa muna lissafin ko zai tashi, sai da Sista mai aikin dare ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, Malam fa yana jin ku." Kunya ta kama ni.

Wani dare aka kira ni ciki. Na'ura na ta ƙara, bugun zuciyarsa ya hau, hawaye na gangarowa har filo. Wallahi na ɗauka tafiyar ke nan, na fara salati. Sista ko ta duba bututun maƙogwaro, ta zuƙe majina, ta ga iska na shiga daidai. Sai ta ɗauko kwali mai haruffa tana nunawa ɗaya bayan ɗaya, in ta zo kan wanda yake so ya ɗaga ido sama. K, U, N. Kunne. Ashe kunnensa ne ya naɗe a ƙarƙashin kai tun juyin da aka yi masa na ƙarshe, ba bakin faɗa. Ta gyara masa, ta ba shi haƙuri. Na tsaya ina kallon lambobin na'urar suna sauka, ƙafafuna suna rawa.

Ta hana ni faɗin sunanta, to Sista, Allah Ya san shi. Ke da abokan aikinki masu juya shi duk bayan awa 2 don kada baya ya yi gyambo, masu ɗaga kan gadon, masu goge masa baki da ɗiga maganin ido, da mai motsa masa gaɓoɓi kullum don kada su sandare: Allah Ya saka, Ya raya muku zuri'a, Ya sa kada ku taɓa ganin naku a kan wannan gado, Ya haɗa mu a Aljanna.

Auta, ƙanensa, kai sai na faɗe ka ko ka ji haushi. Dare 41 a kan benci. Yaya Babba da ta riƙe mini yara, Allah Ya biya.

Waɗanda hanya ta yi wa nisa, har da ta waya, mun gode da addu'ar da muke zaton kun yi.

Har yanzu bai fara takawa ba, a ci gaba da sa mu a addu'a.